Shekarar da Na Haɗa Aji da Baba Mai Kimiyya

Lokacin da aka turo ni wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a bayan Barkin Sale don in koyar da Turanci, muryar Baba na fara sani kafin in san fuskarsa. Ina sauka daga keke napep a bakin get sai na jiyo wani daga can ƙarshen makarantar yana kwatsa wa wani yaro tsawa, wai ya koma ya ɗauke ledar fiya wata da ya jefar. Mai gadi ya ga na ja na tsaya, ya yi dariya.

"Malamin kimiyya ne, Malama. Ba faɗa yake ba, maganarsa ke nan."

Kowa Baba yake ce masa, har shugabar makarantar. Mutumin Gbagyi ne, Kirista, daga wani ƙauye kusa da Gwada. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, domin duk ranar Juma'a da an tashi zai hau tsohon babur ɗinsa ya nufi gonar doya, sai safiyar Litinin. Hausarsa irin ta garinmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Malama, ka zo ka ci gyaɗa," haka yake ce mini a ofishin malamai. Da farko nakan yi murmushi a ɓoye, daga baya kunnena ya saba.

Ni kuwa haifaffiyar Minna ce. Aikin reluwe ne ya kawo kakana, mahaifina kuma tela ne a bakin kasuwa. Na fito daga kwalejin horon malamai da kaina cike da nahawun Turanci, ina koyar da shi yadda aka koya mini: in ja layuka a allo, in jera lokutan aiki, wanda ya wuce, wanda ake ciki, wanda zai zo, yara su bi ni da haddacewa kamar waƙa. Sun iya waƙar kuwa. Amma ka tsayar da yaro ɗaya ka ce ya gaya maka abin da ya ci jiya da Turanci, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga. A waje bakinsu ba ya hutawa, wannan da Hausa, wancan da Nupe ko Gbagyi, Buroka kuma, wato Turancin kasuwa, ta haɗa kowa. Da na shigo aji sai ka ce an ɗauke wuta.

Da zafin bazarar wata shekara muryar Baba ta fara dishewa. Ya ce ƙurar alli ce. Matan ofis suka yi ta kawo masa citta da zuma da lemon tsami, yana sha yana tsokanarmu wai mun samu hutu. Damina ta shigo, muryar ba ta dawo ba. Daga asibitin gari aka tura shi Abuja, can aka yi masa aiki a maƙogwaro. Zango guda bai zo makaranta ba.

Ya dawo a rame, da ɗan mayafi naɗe a wuya, rigunansa duk sun yi masa yawa. Abin da ya rage na muryar nan raɗa ce kawai, sai ka matso da kunne kake ji, ita ma in ya daɗe yana yi sai tari ya sarƙe shi.

Ranar da ya fara shiga aji ina koyarwa a ajin da ke maƙwabtaka da nasa. Hayaniya ta yi yawa, na leƙa ta taga. Yana tsaye riƙe da alli, bakinsa yana motsi, ba mai jin sa. 'Yan gaba sun ƙura masa ido cikin tausayi, 'yan baya kuwa hira suke, wani ma yana kwaikwayon raɗar tasa wasu suna ƙunshe dariya. Yaran da a da tarinsa kaɗai ke sa su nutsu. Na ga ya ajiye allin a hankali, ya kakkaɓe hannu, ya fita. Da aka tashi tara na hango shi zaune a ƙarƙashin mangwaron da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya kifa kai. Ban iya ƙarasawa wurinsa ba, ban san abin da zan ce ba.

Shugabar makarantar mace ce mai kirki, amma aiki ya yi mata yawa. Ta kira ni ofis ta ce saura shekara guda Baba ya yi ritaya, za ta mai da shi laburare ya zauna ya huta har lokacin ya yi. Ma'aikata ba ta turo wani malamin kimiyya ba, saboda haka ni zan riƙe 'yan aji biyu.

"Ma, ban san komai a kimiyya ba," na ce.

"Ki karanta musu littafi su kwafa. Ya fi su zauna haka."

Da na buɗe littafin na tarar darasin da ke gaba a kan dannin iska ne. Na karanta, na sake karantawa, ban fahimci yadda abin da ba a gani zai danna wani abu ba. Dole na ɗauki littafin na tafi wurin Baba. Na same shi a ɗakin gwaje-gwajen yana goge kwalabe. Ɗakin ba wani abin kirki a ciki, famfunan sun daɗe da ƙafewa, yawancin kayan shi ya tattaro su da kansa: gwangwanaye, robobi, tsohon risho, sirinji marasa allura.

Na nuna masa shafin. Ya dube shi, ya rufe littafin ya ture gefe. Ya ɗauko kofin gilashi ya cika shi da ruwa har baki, ya yanko ɗan kwali ya rufe bakin, ya dafe da tafin hannu, ya kifar da kofin. Sai ya janye hannun.

Na ja da baya ina kare zanena. Ruwan bai zubo ba. Kwalin ya manne, ruwan yana tsaye a samansa.

"La ilaha illallahu! Baba, me ya riƙe shi?"

Ya yafito ni, na matso da kunne. "Iska," ya ce. Ya nuna ƙasan kwalin da yatsa, ya tura yatsan sama. Da raɗa da zane a kan tebur ya fahimtar da ni cewa iskar da muke ciki tana danna komai, ta sama, ta ƙasa, ta gefe, kuma turin da take yi wa kwalin daga ƙasa ya fi ƙarfin nauyin ruwan kofin.

Na ce, "Baba, wannan ba abin da zan karanta a littafi ba ne. Ka zo mu shiga tare. Kai ka yi da hannu, ni in zama bakinka."

Ya dubi kofin. Sannan ya girgiza kai.

"Kai malamin Turanci ne," ya raɗa. "Kar ka faɗa musu. Su za su faɗa."

A hanyar gida, cikin keke napep, maganar ta yi ta juyawa a kaina. Washegari na koma wurin shugaba na roƙe ta ta haɗa darasina na Turanci da na kimiyya su zama dogon darasi ɗaya, mu shiga tare da Baba. Ta ce in masu duba makarantu suka zo, wane suna za ta ba wannan darasin? Na ce ta ba shi duk wanda ta ga dama. Ta yi tsaki tana dariya, ta ce mu gwada zango ɗaya.

Ranar farko Baba ya shigo da kofi da bokiti, ni kuma na raba allo gida uku ban rubuta komai ba. Ya cika kofin, ya rufe, ya dafe, ya ɗaga shi sama kamar zai kifar, sai ya tsaya cak. Na ce wa yara da Turanci su gaya mini abin da zai faru.

Aji ya kaure. "Zai zube!" "Water go fall!" "Baba zai jiƙe!"

Na ce hannun Baba ba zai motsa ba sai wani ya faɗa da cikakkiyar jimlar Turanci daidai. Baba kuwa ya ƙame kamar gunki, ko ƙifta ido ba ya yi. Yaran suka rasa inda za su sa kansu, suna son su ga ƙarshen abin. Wannan ya gwada, wancan ya gyara masa, har gardama ta ɓarke a layin baya a kan wace kalma ce ta abin da bai faru ba tukuna. Can wani dogon yaro, shi ne ma mai kwaikwayon raɗar nan, ya miƙe ya ce, "The water will fall."

Na rubuta a gidan farko. Baba ya kifar da kofin, ya janye hannu.

Ban taɓa jin ajin nan ya yi shiru irin na ranar ba. Na tambaye su me ke faruwa yanzu. Wata yarinya ta ce a hankali, idonta a kan kofin, "The water is not falling." Na rubuta a gida na biyu. Da Baba ya mai da kofin daidai ya ajiye, kafin ma in tambaya wasu sun fara ɗaga hannu don gida na uku, na abin da ya wuce. Abin da na shekara ina sa su rerawa, ranar suka nemo shi da kansu saboda suna buƙatarsa.

Daga nan muka samu hanya. Da yamma kafin a tashi mukan zauna a ɗakin gwaje-gwaje, in gaya masa abin da ke gabana a nahawu, shi kuma ya duba tarkacensa ya ga wanda zai dace. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da muka so dafaffen ƙwai ya shige kwalba da kansa bayan an jefa takarda mai wuta a ciki, ƙwan ya yi girma, ya tsaya a baki ya ƙi, yara suka yi ta ba shi haƙuri. Ni ma ina da nawa halin. In na ga sun daɗe suna lalube sai bakina ya yi ƙaiƙayi in fara ba da amsa. Baba sai ya buga rula a tebur, ba don yara ba, don ni. Su kuwa abin yana ba su dariya, malama ma ana tsawata mata.

Wanda ya fi tsaya musu a rai shi ne na galan. Baba ya samo galan na ƙarfe, ya zuba ɗan ruwa, ya ɗora a risho har tururi ya yi ta fita, ya sauke ya toshe bakin da kyau, ya kwara masa ruwan sanyi. Galan ɗin ya yi ƙara ya lotse ya murɗe kamar ƙato ya taka shi, alhali ba wanda ya taɓa. 'Yan matan gaba har da ihu. Da wannan na koyar da yadda ake juya jimla, wanda aka yi wa aiki ya dawo gaba: iska ta murƙushe galan, ko kuma galan, iska ce ta murƙushe shi. Wani yaro ya juya tasa ta koma galan ne ya murƙushe iska. Baba ya je allo ya zana galan mai hannaye da ƙafafu yana kokawa da iska. Yaron da kansa ya taso ya gyara, yana dariya har da hawaye.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta shigo makaranta da sassafe, goye da jariri, riƙe da lotsattsen galan. Mai sayar da man gyaɗa ce a Barkin Sale. Kai tsaye ta wuce ofishin shugaba, aka aiko a kira mu.

"Wane ne malamin da yake koya wa yara dabo?" ta ce. "'Yata ta ɗauki galan ɗina ta ɗora a murhu, ta tara 'yan unguwa, kafin in fito daga wanka ga abin da ya zama. Na tambaye ta, wai iska ce. Iska! A gidana!"

Na fara ba ta haƙuri. Baba ya matso ya ɗan rusuna, ya yi magana, ba ta ji ba. Ta dubi mayafin wuyansa, ta dubi bakinsa, sai ta sassauta murya.

"Ayya, Baba, kai ne? Ai kai ka koyar da babban ɗana. Daga gida muke jin muryarka." Ta gyara goyo. "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Ban sani ba wallahi."

Ya karɓi galan ɗin ya jujjuya shi, ya ɗaga mata babban yatsa, alamar yarinyar ta yi aikin daidai. Matar ta rasa ko ta yi fushi ko ta yi dariya. Da za ta tafi ta ce ni dai in ja wa 'yarta kunne, kuma tun da abin ya faru yarinyar ta ishe su da Turanci a gida, ko miya ce ta ƙone sai ta juya maganar iri biyu. Washegari a asambuli shugaba ta kafa doka: duk abin da ya haɗa da wuta ba a gwada shi a gida.

A zango na uku muka iso jimlolin sharaɗi. Na "in ka yi kaza, kaza zai faru" bai ba su wuya ba, Baba ya yi ta toshe bakin sirinji yana saki, suna faɗa. Mai wuyar shi ne na abin da ya riga ya wuce, na "da an yi kaza, da kaza ya faru". Na yi bayani har na gaji, ba su kama ba. Ranar Baba ba ya jin daɗi, tari ya dame shi, yana zaune a kujera. Sai na ce bari ni in yi na kofin. Na sha ganin yana yi, me zai gagara? Don in burge su ma sai na ɗaga shi saitin kaina. Ashe kwalin da na ɗauka ya lanƙwashe a gefe. Ina janye hannu ruwan ya sauko mini gaba ɗaya, ɗankwali, fuska, har cikin riga.

Ajin ya fashe. Na juya na ga Baba ya riƙe ciki, kafaɗunsa suna rawa, dariya yake ba sauti, hawaye na bin kumatunsa. Tun dawowarsa ban ga ya yi irinta ba. Ya taso da kyar ya ɗauki alli ya rubuta rabin jimla a allo, "If Malama had used a flat card," ya ja dogon layi, ya juyo yana kallonsu. Suka yi ta cikawa. Da ruwan bai zubo ba. Da ɗankwalinta bai jiƙe ba. Da ba mu yi dariya ba. Ina tsaye ina ɗiga, ina gyara musu kalmomi.

Da na ga sun kama, sai na ce kowa ya ƙirƙiro tasa daga rayuwarsa. Akwai wata yarinya 'yar Beji da ke zaune wurin innarta a gari, ba ta cika magana ba, kullum tana lungu kusa da taga. Ta ɗaga hannu. Ta miƙe, ta haɗa jimlar a hankali, kalma bayan kalma:

"If Baba had not been sick, he would have shouted at us today."

Da Baba bai yi ciwo ba, da yau ya yi mana tsawa. Dariyar ta ɗauke. Na dubi Baba. Yarinyar ma ta gane abin da ta taɓo, ta rufe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa. Baba ya taka har lungun da take. Ya tsaya a gabanta, ya gyaɗa kai, ya sa alli ya yi mata babbar alamar daidai a kan tebur. Ya sunkuya ya raɗa mata wani abu. Daga baya na tambaye ta me ya ce. Ta ce cewa ya yi, "Sosai ma."

Ba zan ce shekarar ta mai da su Turawa ba. Da aka yi jarrabawa da yawa sun faɗi a rubutun kalmomi da insha'i kamar kullum. Amma tsoron buɗe baki ya ragu, kuma in yaro ya yi kuskure yakan tsaya ya gyara da kansa. Ni ma na koyi yin shiru in jira, abin da kwaleji ba ta koya mini ba.

Ranar bikin sallamarsa aka taru a babban ɗaki, malamai da yara da iyaye. Aka ba shi makirfo, wuta kuma ta ɗauke a daidai lokacin. Ya ajiye shi ya yi maganarsa haka nan. Ɗakin nan cike da yara, amma har na baya sun ce sun ji. Bai daɗe ba. Ya gode wa shugaba da ba ta kulle shi a laburare ba, ya ce yara su riƙa gwada abu kafin su yarda da shi, ya ce a yafe masa tsawar da ya yi ta yi.

Da sabon zango aka turo matashiyar malamar kimiyya, mai ƙwazo, da nata tsarin. Aka raba darussan kamar da. Ban ji haushi ba, haka ya kamata.

Bara da kaka, lokacin haƙar doya, na sa maigidana ya kai ni ƙauyen. Muka wuce kasuwar Gwada, motoci sun yi layi ana lodi, muka gangara wata 'yar hanya. Mun same shi ya yi ƙiba kaɗan, ya yi baƙi, da usur rataye a wuya, da shi yake kiran 'yan ƙwadago a gona. Matarsa, wadda nake kira Mama, ta daka mana sakwara da miyar agushi, ta kamo kaza ta ce maigidana ne zai yanka da hannunsa don mu ci da kwanciyar rai.

A bangon madafa na ga an shafa baƙin fenti an yi ɗan allo. An rubuta manyan haruffa da alli, a ƙarƙashinsu kuma wasu karkatattu, kamar na ɗan aji ɗaya. Na ɗauka na jikoki ne. Mama ta ce nata ne.

"Ni ban yi makaranta ba, 'yata. Da, in yana son abu, daga gona zai kira, duk ƙauye ya ji. Yanzu kunnena ya yi nauyi, shi kuma ba murya. Sai ya rubuta, ni kuma ban iya karantawa ba. To, ya za mu yi?" Ta harare shi. "Shekara da shekaru yana koya wa 'ya'yan mutane, sai yanzu ya tuna da ni."

Baba ya ɗauki alli ya rubuta wata gajeriyar kalma a allon. Mama ta matso, ta kanne ido, ta bi haruffan da yatsa tana furta su ɗaya bayan ɗaya. Da ta haɗa sai ta kai masa duka a kafaɗa da ludayi.

"Gishiri! Wai gishiri bai ji ba. Ka tashi ka ɗauko da kanka."

Ya tashi ya ɗauko. Da la'asar suka cika mana but ɗin mota da doya har ya ƙi rufuwa, maigidana ya ɗaure shi da igiya, muka kamo hanyar Minna.